Wace Tauraruwa Ce Ta Fi Kowace Girma?

Ranar nan an ɗauke mana wuta a Tudun Wada bayan isha'i, hazo kuma ya yi sauƙi, sai ɗalibaina da ke zuwa bita suka ɗaga kai sama suka rufe ni da tambayoyi. Ga su nan da amsoshin da na bayar.

Malam, ba rana ce ta fi komai girma a sama ba?

Kusanci ne ya ba ta wannan kwarjini. Rana tauraruwa ce kamar sauran, tana nesa da mu da kilomita miliyan 150. Faɗinta kusan kilomita miliyan 1.4 ne, sai an jera duniyarmu sau 109 kafin a kai daga gefe zuwa gefe. Ta fi yawancin taurari girma, amma a gaban ƙattai ita jaririya ce.

To, wa ya fi ta, kuma da nawa?

Mu fara da waɗanda ido ke gani daga tsakar gida. Shi'ira, wadda aka ambata a Suratun Najmi, ita ce mafi haske da dare, amma faɗinta bai kai ninki biyu na rana ba. Dabaran, jar tauraruwar da ke bin bayan Kaza da 'Ya'yanta, ta ninka rana sau 44. Antaris, wadda Larabawa ke kira Zuciyar Kunama, da muke gani ta kudu a daren damina, ta kusa ninki 700. Haka ma Betaljus, jar nan da ke kafaɗar Jauza'u, tarin taurarin nan mai siffar mutum da ake gani a lokacin hunturu.

Lamba kaɗai ba ta zama a kai, don haka mu ƙaddara rana ƙwallon ƙafa ce. Duniya za ta zama ƙwayar gero guda, an ajiye ta taku talatin daga ƙwallon. Betaljus za ta ɗara filin ƙwallo tsawo da rabinsa. VY Canis Majoris, mai ninki 1,420, sai an haɗa filaye uku. Da a mazaunin rana take, da ta haɗiye mu, ta haɗiye Mushtari, mafi girman duniyoyin da ke zagaya rana, da hanyar da yake zagayawa. Direban da ke gudun kilomita 100 a awa ba tsayawa zai ratsa faɗin rana cikin shekara ɗaya da wata bakwai. VY Canis Majoris kuwa sai ya shekara sama da 2,200 yana tuƙi.

Ita ce sarauniyar ke nan?

A nan nake so ku natsu, don wannan sarauta ba ta daɗewa a gida ɗaya. Shekaru da dama ana cewa UY Scuti ce, mai ninki 1,700. Da kumbon Gaia na Turai ya sake auna nisanta, sai aka ga ta fi kusa da yadda ake zato, lissafin ya sauko wajen 900. Yau sunan da ke yawo a intanet shi ne Stephenson 2-18, da ninki 2,150, girman da zai kai hanyar Zuhal, duniyar da ke gaba da Mushtari. Masana da yawa suna ɗari-ɗari da wannan adadi, domin nisanta bai tabbata ba, kuma lissafin yadda taurari ke rayuwa ya nuna da wuya a wuce ninki 1,500 sosai. Akwai kuma WOH G64, da ke wani garken taurari maƙwabcin namu, nisan da haske ke shekara 160,000 kafin ya ratsa, an ƙiyasta ta da ninki 1,540. A 2024 aka fitar da hotonta na kusa, wanda aka ɗauka daga ƙasar Chile.

Ni dai idan yaro ya ce mini manyan sun kai ninki 1,500 na rana, na ba shi makinsa cikakke. Na fi son haka a kan ya haddace suna ɗaya kamar karatun allo.

Ta yaya ake auna abin da ba a taɓa zuwa ba?

Hanya biyu ce. Ko a haɗa hasken da madubai da yawa suka tara a gano faɗin ɗigon a sararin sama, kamar yadda masana Michelson da Pease suka yi wa Betaljus a 1920 a Amurka, ko a auna zafinta da yawan haskenta a fitar da girman. Duk biyun sun dogara da sanin nisa, kuskure a nisa kuwa kuskure ne a girma. Ga wata matsalar: waɗannan ƙattai ba su da baki tsayayye kamar faifai. Suna kumbura suna saɓewa, suna lulluɓe da ƙurar da suka fesar. Kamar a ce ka nuna daidai inda hazo ya ƙare a kan dutsen Kufena. Ƙurar nan ce ta dusashe Betaljus a ƙarshen 2019, har mutane suka zaci fashewa za ta yi.

Me ke sa su kumbura haka?

Tsufa. Tauraruwa tana ƙona iskar haidurojin a cikinta. Idan ya ƙare a tsakiya, sai cikin ya tsuke ya ƙara zafi, ya tura na waje nesa. Fatar ta huce ta koma ja, kamar ƙarfen maƙeri da aka janye daga wuta: fari ya fi ja zafi. Rana ma za ta bi wannan hanya nan da shekara biliyan biyar, ta kumbura wajen ninki 200.

Ashe mafi girma ita ce mafi nauyi?

A'a. Buhun auduga ya fi bulo girma. Betaljus ba ta wuce nauyin rana sau 20 ba, jikinta ya fi iskar da muke shaƙa saki nesa ba kusa ba. Mafi nauyi da aka sani ita ce R136a1, wajen ninki 200 na nauyin rana, alhali faɗinta ninki 40 ne kawai.

Wace za mu iya gani yau?

Ku dubi gabas, ku nemi taurari ukun nan da suka jeru a layi. Ja-ja ɗin da ke hagunsu ita ce Betaljus. Hasken da ke shiga idonku ya baro ta fiye da shekara 500 da suka wuce, tun kafin zamanin Sarauniya Amina.