Inugu, Birnin Kwal

Inugu shi ne babban birnin jihar Inugu a kudu maso gabashin Najeriya, a ƙasar Ibo, kuma shi ake wa laƙabi da Birnin Kwal. Yana gindin tsaunukan Udi ta gabas. Ƙidayar 2006 ta nuna yana da mutum 722,664. Ba tsohon gari ba ne mai ganuwa da fada irin Kano ko Katsina. Kafin 1909 babu komai a wurin sai ƙauyukan mutanen Ngwo da Nike da gonakinsu na doya. Saboda kwal aka kafa garin, amma yau an fi shekara ashirin rabon da a fitar da kwal na a zo a gani daga ramukansa.

Yadda aka fara

A 1909 wata tawagar binciken ma'adinai ƙarƙashin Baturen Ingila Albert Kitson ta gano kwal a yankin Udi. A lokacin, duk kwal ɗin da jiragen ƙasan Najeriya ke ƙonawa daga Birtaniya ake kawo shi ta teku. Layin dogo ya iso Kano a 1911, gyaɗa da fatu suka fara gangarawa Legas, buƙatar makamashi ta ƙaru. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, jiragen ruwa suka yi wuya, sai gwamnatin Lugga ta matsa a fara haƙa. An buɗe mahaƙar Udi a 1915, ta Iva Valley kuma a 1917, shekarar da aka ba Inugu matsayin gari. Fatakwal ma albarkacin wannan kwal ta samu: an gina tasharta ne don a sami inda za a loda shi, kuma dogo mai tsawon mil 151 ya haɗa ta da Inugu a 1916.

Da farko kwal ɗin da za a yi aiki da shi a layin Kano zagaye yake yi: daga Inugu zuwa Fatakwal a tarago, daga nan zuwa Legas a jirgin ruwa, sannan ya hau dogo. Sai a 1927 layin gabas ya haɗu da na Arewa a Kaduna ta hanyar Makurɗi da Kafanchan, kuma har 1932, lokacin da aka gama gadar Binuwai, fito ake yi da taragu a Makurɗi. Daga nan ne kwal ke zuwa Arewa kai tsaye. Buhunan gyaɗar da aka yi dala da su a Kano, yawancinsu da wutar kwal ɗin Inugu aka ja su zuwa bakin teku.

Irin kwal ɗin da yadda ake haƙa shi

Kwal daban yake da gawayi. Gawayi itace ne da aka ƙona a rufe. Kwal dutse ne baƙi da ya samu daga tsirran da ƙasa ta danne shekaru miliyoyi. Na Inugu matsakaici ne wajen ƙarfi. Yana kama wuta da sauri, yana da dogon harshe, ga ƙarancin sinadarin farar wuta a cikinsa, don haka ya dace da tukunyar jirgi da tashar lantarki da tandun siminti. Amma yana da aibi biyu. Na farko, ba ya dunƙulewa ya zama irin tauraren kwal da ake narka tama da shi, shi ya sa bai yi wa masana'antar ƙarafa ta Ajakuta wani amfani ba. Na biyu, ba ya son ajiya: in aka tara shi a fili ya sha rana da ruwa, sai ya farfashe ya zama gari, in tarin ya yi tsayi kuma yakan ɗau zafi daga ciki har ya kama wuta da kansa. Maganin wannan shi ne a shimfiɗa shi kaɗan-kaɗan a danne shi don kada iska ta shiga, a kuma fara kwasar wanda ya riga zuwa.

Ba rijiya ake haƙawa a gangara ba. Shimfiɗar kwal ɗin tana leƙowa a jikin tsauni, sai a fasa ƙofa a bi ta a kwance zuwa ciki. Cikin shimfiɗu biyar da aka sani, ta uku aka fi haƙa, kaurinta daga mita ɗaya zuwa biyu, ke nan a wurare da yawa dogon mutum ba ya miƙewa tsaye. Ana yanka hanyoyi a gicciye, ana barin manyan dunƙulen kwal a tsakani su riƙe rufin, kamar yadda ginshiƙi ke riƙe azarar soro. Idan an kai iyakar fegi, sai a juyo da baya ana cinye ginshiƙan ɗaya bayan ɗaya, rufin yana ruftawa a baya. Wannan mataki ya fi kowanne riba, kuma ya fi kowanne haɗari.

Aikin a rarrabe yake. Akwai masu sara, waɗanda ke rarake ƙasan shimfiɗar da diga, a huda rami a cusa nakiya, in ta tashi su loda da shebur. Akwai masu turin ƙananan taragu a kan siririn dogo zuwa inda igiyar ƙarfe za ta ja su waje. Akwai masu kafa katako, da masu shimfiɗa dogo, da masu kula da injin ruwa da fankar iska. Mai sara ba lada na yini ake ba shi ba, yawan taragun da ya cika ake ƙirgawa. Saboda haka in taragu suka yi ƙaranci, ko dogo ya lalace, ko akawu ya ci amanar lissafi, a aljihunsa abin ke ƙarewa. Rigingimu da yawa na mahaƙar daga nan suka samo tushe.

Babban abokin gabar mahaƙan shi ne ruwa. A saman kwal ɗin akwai dutsen yashi mai kauri da ke riƙe ruwa da yawa, tsakaninsu kuma sai wani dutsen laka wanda ke yin laushi in ya jiƙe. Da zarar rufi ya tsage, ruwa ya samu hanya. Kuma ba ruwan kirki ba ne: yana haɗuwa da iska da wani ma'adinin ƙarfe da farar wuta da ke cikin duwatsun, sai ya koma mai tsami yana cin ƙarfe. Injinan tsotso da bututu kan rarake cikin ɗan lokaci, inda aka zubar da ruwan kuma yakan bar jan laka a rafi, kamar yadda aka gani a kogin Ekulu. Ramin da aka bar shi babu tsotso na 'yan watanni, farfaɗo da shi yana cin kuɗi mai yawa.

Leburori da unguwanni

A shekarun farko da ƙarfi ake samo ma'aikata. Sarakunan da Turawa suka naɗa, musamman Onyeama na Eke, su ke tara mutane su tura rami, suna cin kamashonsu. Daga baya da aka ga albashi yana biyan haraji da sadaki, mutane suka riƙa zuwa da ƙafarsu. Da yawa daga mutanen ƙauyukan Agbaja ba su tare a gari ba. Sammako suke yi su gangaro tsauni, su koma gona in an tashi. Baƙi daga Anaca da Owerri da Awka su suka fi riƙe aikin akawu da na hannu, su suka cika unguwar Coal Camp, wadda ake kuma kira Ogbete. Turawa suka keɓe kansu a unguwar da yanzu ake kira GRA. Asata da Ogui da Uwani sun biyo baya.

Hausawa sun zo da dogo da fataucin shanu, suka yi zango da masallaci da sarkinsu. Abin da ake yawan tunawa shi ne Malam Umaru Altine, Bafulatani mai cinikin shanu daga lardin Sakkwato kuma ɗan jam'iyyar NCNC, wanda aka zaɓa magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950. Dogon da ya kai su can shi ne ya kawo Ibo ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa Sabon Garin Kano.

Harbin Iva Valley

A ƙarshen 1949 ƙungiyar ma'aikatan kwal, wadda Okwudili Ojiyi ke wa sakatare, ta shiga takun saƙa da hukumar mahaƙa a kan bashin albashi da tsarin karɓa-karɓa da ke sa mutum ya zo aiki a ce yau ba ranarsa ba ce. Dokar lokacin ta tsaurara a kan yajin aiki, sai ma'aikata suka koma tafiyar hawainiya: suna zuwa, amma taragu kaɗan ke fita. Hukuma ta kori masu sara, su kuma suka zauna a cikin rami suka ƙi fita. Gwamnati ta ji tsoron kada nakiyar da ke rumbu ta faɗa hannun 'yan siyasa masu zafi, ta tura 'yan sanda su kwashe. Ran 18 ga Nuwamba, a Iva Valley, Baturen ɗan sanda F. S. Philip ya ba da umarnin harbi. Mutum 21 suka mutu, 51 suka jikkata, babu mai ɗauke da bindiga a cikinsu. Tarzoma ta tashi a Aba da Fatakwal da Anaca da Kalaba, 'yan siyasar da ba sa ga maciji da juna suka haɗu a kwamiti ɗaya. Kwamitin bincike na Fitzgerald ya kira abin kuskuren hukunci, wanda ya yi wa laifin sauƙi ƙwarai. Akwai gunkin tunawa da mamatan a shataletalen New Market.

Ganiya da durƙushewa

A 1950 aka kafa Hukumar Kwal ta Najeriya, hedikwatarta a Inugu. Wajen 1958 ma'aikata sun haura 8,000, abin da ake fitarwa a shekara kuma ya wuce tan 900,000. Manyan ramuka na baya-baya su ne Okpara da Onyeama. Sai dai masu sayen ba su da yawa: reluwe, hukumar lantarki mai tashoshin Ijora da Oji River, kamfanin siminti na Nkalagu, da ɗan abin da ake kai wa Gana. Da reluwe ta fara sayen kawunan jirgi masu shan dizal daga tsakiyar shekarun 1950, aka sami man fetur a Oloibiri a 1956, madatsar Kainji ta fara aiki a 1968, kasuwar ta watse. Yaƙin basasa ya ƙarasa sauran. Inugu ce hedikwatar Biyafara daga Mayun 1967 har sojojin tarayya suka kama ta a Oktoba, ramukan kuma suka cika da ruwa. A ƙarshen shekarun 1970 an kawo injinan zamani daga Polan, amma ba su dace da laushin rufi da tsamin ruwan ba. A farkon shekarun 2000 aiki ya tsaya. Kwal ɗin da ake haƙa yanzu a Najeriya galibi a fili ake yaye ƙasa a kwashe shi, a wurare irin Okaba a jihar Kogi da Maiganga a Gombe, kamfanonin siminti ke ƙonawa.

Garin a yau

Abin da ya hana Inugu zama kufai shi ne tun 1929 ta zama mazaunin gwamnati: na Lardunan Kudu, sannan Yankin Gabas, sannan jihar Gabas ta Tsakiya, tsohuwar Anambra, daga 1991 kuma jihar Inugu. Gari ne na ma'aikatan gwamnati da ɗalibai da 'yan kasuwa, gidan ƙungiyar ƙwallo ta Rangers. Coal Camp ta koma matattarar maƙera da masu kayan gyaran mota, kasuwar Ogbete kuma ita ce babbar kasuwar garin. Abincin da aka san garin da shi shi ne okpa, wani irin alale na garin gurjiya da manja, ana sayar da shi da zafinsa tun da sassafe. Motocin shanu da albasa da tumatir daga Kano, da manyan bas-bas da ke tashi daga New Road a Sabon Gari, ta mahaɗar 9th Mile suke bi a saman tsauni kafin su gangara.

Matsalar garin ta yau da kullum ita ce ruwan sha. Dutsen lakar da birnin ke kai ba ya riƙe ruwa, rijiyar burtsatse ba ta cika yin nasara ba, ta hannu kuma takan ƙafe da rani. Daga 9th Mile da Ajali da Oji ake turo ruwa, inda famfo bai kai ba kuma sai a sayi na tanka.