Allurar Seftiriyazon Ba Haramtacciya Ba Ce: Ga Abin da Doka Ta Hana

Tun bayan da hukumomi suka tashi 'yan kasuwar magani daga Sabon Gari a Kano a shekarar 2024, aka mayar da su cibiyar sari da ke Dangwauro, ake jin maganganu iri-iri game da allurar seftiriyazon mai kashe ƙwayoyin cuta na bakteriya, wadda mutane da yawa suka fi sani da sunan Rocephin. Wasu na cewa gwamnati ta haramta ta, wasu kuma na cewa duk wanda aka kama da kwalbarta a aljihu sai gidan yari. Babu ɗaya a cikin waɗannan zantuka da yake gaskiya. Maganin yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma da shi likitoci ke dogaro idan sanƙarau ya ɓarke a lokacin zafi, domin yana iya ratsawa har cikin ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa.

Abin da doka ta tsare shi ne hannun da ke sayarwa da wurin da ake sayarwa. Asibiti da kantin ƙwararren mai haɗa magani da ke da rajista suna da izinin bayar da shi idan aka kawo takardar likita. Mai ƙaramin kemis na unguwa, wanda Hukumar PCN mai kula da sana'ar haɗa magunguna da sayar da su ke bai wa lasisi a ƙarƙashin dokarta ta 2022, yana da jerin magungunan da aka yarje masa, kuma seftiriyazon ba ya ciki.

Inda ruɗani ya fi yawa shi ne sashe na 2 na dokar yaƙi da jabun magunguna ta 1999. Da yake sunan dokar ya ambaci jabu, mutane suna ɗauka cewa idan kayan mutum na gaske ne babu ruwan dokar da shi. Ba haka ba ne. Sashen ya hana talla ko sayarwa ko baje magani a duk wurin da ba shi da lasisi, kuma ya lissafo kasuwa da rumfa da tashar mota da bakin hanya da cikin bas. Ke nan mai tallan da ya ɗora tire a kansa yana zagaya tasha ya shiga laifi ko da kowace kwalba da ke tirensa tana ɗauke da lambar NAFDAC. Hukuncin kuwa tara ce wadda ba ta wuce naira 500,000 ba, ko ɗaurin da bai gaza shekara 2 ba, ko duka biyun. A lura da yadda aka tsara shi: tarar tana da iyaka ta sama, ɗaurin kuwa iyakarsa ta ƙasa ce. Sashe na 1 shi ne ya shafi jabu da gurɓatacce da wanda wa'adinsa ya ƙare, inda ɗaurin ya kama daga shekara 5 zuwa 15, kuma a can ne aka ambaci mallaka. Uban da ya sayo wa ɗansa magani na gaske da takardar likita bai faɗa cikin ko ɗaya ba.

A ganina akwai abin dubawa a nan. Naira 500,000 ta 1999 kuɗi ce mai nauyi, amma a yau babban ɗan kasuwa zai biya ta daga cinikin yini guda, alhali ƙaramin mai talla da ba shi da ita shi ne zai kwana a kurkuku. Haka kuma ƙauyen da babu likita balle mai haɗa magani, dokar ba ta gaya wa mutanensa inda za su dosa da tsakar dare ba.

Duk da haka, wanda ya san yadda maganin yake aiki zai gane dalilin tsaurin. Seftiriyazon na cikin zuriya ta uku ta dangin sefalosforin, wanda asalinsa wata fumfuna ce da wani masani ɗan Italiya, Giuseppe Brotzu, ya samo a bakin magudanar ƙazanta a tsibirin Sadiniya a 1945. Ƙarfinsa yana cikin wani ɗan zobe mai kusurwa huɗu da ake kira beta-laktam, irin wanda ke jikin fenisilin. Zoben yana maƙale wa sinadaran da bakteriya ke gina bangon jikinta da su, sai bangon ya kasa haɗuwa, ƙwayar ta fashe. Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro da ta mura ba su da irin wannan bango, saboda haka allurar ba ta yi musu komai, komai tsadarta.

Garin da ke cikin kwalbar kuma ba ya son sakaci. Idan aka haɗa shi da ruwan ƙari mai sinadarin kalsiyom, yana dunƙulewa ya zama tsaki-tsaki, kuma wannan ya taɓa kashe jarirai, shi ya sa aka hana haɗa su ga jaririn da bai wuce kwana 28 ba. Jariri mai shawara ma ba a ba shi, domin maganin yana sakin sinadarin da ke sa ido ya yi ɗorawa ya nufi ƙwaƙwalwa. Wanda aka dama da lidokain don rage zafin allurar ɗuwawu ba a taɓa zuba shi a jijiya. Akwai kuma wanda jikinsa ke ƙin maganin, numfashinsa ya sarƙe cikin 'yan mintuna, kuma a irin wannan lokaci allurar adirenalin ce ke ceto, wadda ba kasafai ake samunta a bayan labulen kemis ba.

Sai batun da ya wuce majinyaci ɗaya. Bakteriya na iya samar da sinadarin da ke tsinka zoben beta-laktam, kuma allura ɗaya ko biyu da aka yi aka daina don zazzaɓi ya sauka ita ce ke bar wa masu taurin kai fili su yaɗu. Wannan ne ya sa a 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya seftiriyazon a rukunin magungunan da ake sa wa ido. A lardin Sindh na Pakistan, tun 2016 aka fara ganin taifot ɗin da ba ya jin wannan allura, har sai da likitoci suka koma ga azitiromaisin da wasu allurai masu tsada da ba a samu sai a manyan asibitoci.