Dokar Masaƙu ta 1833 a Birtaniya: abin da ta tanada wa yara ma'aikata

A farkon ƙarni na 19, masaƙun auduga na Manchesta da kewayenta cike suke da yara. Akwai masu ƙulla zaren da ya tsinke, akwai ƙanana da ke rarrafe a ƙarƙashin inji yana gudu suna tsintar audugar da ta zube. Masu masaƙa na son su don kuɗin aikinsu kaɗan ne, iyaye kuwa ba su da zaɓi, don iyali guda na cunkushe a ɗaki ɗaya, wani lokaci ɗakin ƙarƙashin ƙasa mai laima, kuma kuɗin haya ba ya jira.

Majalisar dokoki ta riga ta yi dokoki kan aikin yara a masaƙu a 1802 da 1819, sai dai kusan a takarda suka tsaya, don ba a ɗauki ma'aikatan da za su bi su tabbatar ana aiki da su ba. Bayan kwamitin majalisa da ɗan majalisa Michael Sadler ya jagoranta ya saurari shaidar ma'aikata a 1832, kuma Lord Ashley ya ɗauki maganar a majalisa, sai aka zartar da dokar 1833.

Masaƙu kaɗai ta shafa. Ta hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 9 ba, in ban da a masaƙar siliki. Daga shekara 9 zuwa ƙasa da 13, kada aiki ya wuce awa 9 a rana ko 48 a mako. Daga 13 zuwa ƙasa da 18, awa 12 a rana, 69 a mako. Duk wanda bai kai 18 ba, an haramta masa aikin dare, wato daga takwas da rabi na dare zuwa biyar da rabi na asuba. Ƙananan kuma dole su yi karatun awa biyu kullum. Mai karatu na yau zai ce ɗan shekara tara da aikin awa tara ai ba wani rangwame ba ne. Gaskiya ne, amma kafin nan awa goma sha biyu ko fiye ba abin mamaki ba ne.

Babban sabon abu shi ne sufetoci. Gwamnati ta naɗa mutum huɗu, ciki har da Leonard Horner, da ikon shiga kowace masaƙa su duba. Mutum huɗu ga ƙasa baki ɗaya, ko da 'yan mataimaka, sun yi kaɗan ƙwarai. Ga shi alƙalan da ake kai wa ƙara sau da yawa masu masaƙa ne ko abokansu, sai su yanka tara 'yar kaɗan.

Inda dokar ta fi tuntuɓe shi ne shekaru. Ta yaya za a san yaro ya cika tara? Sai a 1837 gwamnati ta fara rajistar haihuwa a Ingila da Wales. Don haka doka ta ce likita ya dubi yaro, ya ba shi takardar cewa jikinsa da ƙarfinsa na ɗan shekara tara ne. Uwa mai bukatar kuɗin abinci za ta rantse ɗanta ya kai, mai masaƙa ba ya son jin akasin haka, likita kuwa da ido yake auna. Har aka kai ga duba tsayi da haƙoran yara, kamar mai sayen doki.

Makarantar ma haka. Yaro zai kawo takardar malami cewa ya halarci darasi, kuma an yarda a cire wani abu daga ladansa a biya malamin. Sufetoci sun tarar da malaman da su kansu rubutu ke ba su wuya.

Rahotannin waɗannan sufetoci na daga abin da ya sa aka ƙara ɗaure dokar. A 1842 wata doka ta hana dukan mata, da kuma yara maza 'yan ƙasa da shekara 10, aiki cikin ramin haƙar ma'adinai. A 1844 aka rage aikin ƙananan yara zuwa awa shida da rabi, aka kuma wajabta killace injuna masu haɗari. A 1847 aka zartar da dokar da ta rage aikin mata da matasa zuwa awa goma. Maganar cunkoson gidaje da magudanan ruwa kuwa ba ta cikin wannan doka, sai da jami'in gwamnati Edwin Chadwick ya fitar da rahotonsa kan tsaftar muhallin ma'aikata a 1842, sannan Dokar Lafiyar Jama'a ta 1848 ta fara taɓa ta.