Waiwaye: Yadda dokar gudun mil 20 ta dawo kan ƙananan hukumomin Wales

Duk titin da aka jera wa fitilu a Birtaniya, in ban da yankin Wales tun 2023, ko babu allon da ya faɗi iyakar gudu, direba ya san ba zai wuce mil 30 a awa ba, wato kimanin kilomita 48. Asalin wannan ƙa'ida daga shekarun 1930 ne. A 1930 majalisar ƙasar ta soke tsohuwar iyakar mil 20 da aka sa wa motoci tun 1903, saboda ba mai bin ta. Bayan shekara huɗu sai ga mutum sama da 7,000 sun rasu a kan hanya cikin 1934 kaɗai. Dole aka yi sabuwar doka a shekarar, ta fara aiki a 1935 lokacin da Leslie Hore-Belisha yake ministan sufuri, aka ce mil 30 ne a cikin gari. Da aka zo tantance abin da ake nufi da cikin gari, sai aka ɗauki fitilar titi a matsayin ma'auni: in dai tazarar da ke tsakanin fitilun ba ta wuce yadi 200 ba, titin ya shiga dokar.

Haka aka zauna kusan shekara casa'in. Ƙaramar hukumar da take son rage gudu a gaban makaranta ko kasuwa, sai ta fitar da umarni na musamman a kan wannan titin, ta sanar da jama'a, ta saurari masu ƙorafi, sannan ta kafa alluna. An fara unguwannin mil 20 a Ingila a 1991, birnin Portsmouth kuma ya shimfiɗa tsarin a yawancin unguwanninsa wajen 2008. Aiki ne mai cin kuɗi da lokaci, titi bayan titi.

Wales ta samu ikon sa wa kanta iyakar gudu ta hanyar dokar 2017 da ta ƙara wa majalisarta iko. Gwamnatin Wales ta jam'iyyar Labour, ƙarƙashin Mark Drakeford, ta kafa kwamiti a 2019, shi kuma ya ba da shawarar a juya lamarin baki ɗaya: mil 20 ta zama ita ce asali a duk titi mai fitilu, wanda ke son mil 30 shi ne zai kawo hujja. An gwada a garuruwa takwas, ciki har da Buckley da ke Flintshire, inda mazauna suka yi ta kuka cewa an haɗa manyan hanyoyi da lungunan unguwa an yi musu kuɗin goro. Majalisa ta amince a Yulin 2022, dokar ta fara aiki ranar 17 ga Satumba, 2023, bayan an kashe fiye da fam miliyan 30, akasari wajen canza alluna.

Abin da hayaniyar da ta biyo baya ta danne shi ne, tun farko an bai wa ƙananan hukumomi 22 na Wales damar ware titunan da suka ga ya dace su ci gaba da zama a mil 30. Ba su yi amfani da damar daidai ba. Swansea ta ware kusan kashi 10 cikin ɗari na titunan da abin ya shafa, Denbighshire kuwa ko kashi 1 ba ta kai ba. Wasu injiniyoyin hukumomin sun ɗauki sharuɗɗan gwamnati a matsayin umarnin da ba a taɓawa, ga kuma tsoron kada su bar titi a mil 30 a buge yaro a ce su ne sanadi. A ganina nan gizo ke saƙar. Direban da ya tsinci kansa yana rarrafe a kan faffaɗan titi marar gidaje a arewacin Wales bai damu da wane ofishi ne ya ƙi sa hannu ba, gwamnatin Wales da ke birnin Cardiff kawai yake zagi.

Takardar koken neman a soke dokar ta samu sa hannun mutum kusan 470,000, abin da majalisar ba ta taɓa gani ba, a yankin da jama'arsa ba su wuce miliyan uku da 'yan kai ba. An fesa wa alluna fenti, wasu an tumɓuke su. 'Yan Conservative sun nemi a tsige Lee Waters, mataimakin ministan da ya jagoranci shirin, amma ya tsallake. Kamfanin bas na Arriva ya sauya jadawalinsa, ya ce tafiya ta ƙara tsawo.

Da Vaughan Gething ya gaji Drakeford a Maris 2024, sabon ministan sufuri Ken Skates ya ce za a saurari jama'a. A Yuli aka fitar da sababbin sharuɗɗa masu sassauci, aka ware fam miliyan 5, aka ce kowace ƙaramar hukuma ta sake duba titunanta. Ba a soke dokar ba, ƙwallon kawai aka mayar wa kansiloli.

Suna cikin wannan bita sai alkaluman 'yan sanda suka fito: a shekarar farko, waɗanda suka rasu ko suka ji mummunan rauni a titunan mil 20 da mil 30 sun ragu da kimanin mutum 100, jimillar waɗanda haɗari ya rutsa da su kuma ta ragu da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Shekara ɗaya ba ta isa a yanke hukunci ba, masana ƙididdiga na gwamnatin ma sun ja kunne a kan haka, amma ta isa ta sa kansila ya yi tunani kafin ya ɗaga hannu. Ƙaramar hukumar Wrexham ta amince a mayar da tituna 52 zuwa mil 30. Cardiff huɗu kacal ta zaɓa, wasu hukumomin kuma suka duba suka ce a bar komai yadda yake.