Mata masu sauya jinsi a ƙasar Sin

Mata masu sauya jinsi su ne waɗanda aka rubuta su maza ranar haihuwa, amma suke jin kansu mata kuma suke rayuwa a matsayin mata. Sun sha bamban da mata-maza, waɗanda batunsu na halittar jiki ne tun daga ciki. A Sinanci suna kiran kansu da kalmar kua xingbie, wato ƙetare jinsi, yayin da 'yan gari ke jifansu da renyao, kalmar zagi da ke nufin dodon mutum.

Doka da katin shaida

An yi tiyatar sauya jinsi ta farko a Sin a birnin Beijing a 1983. Wadda ta fi suna a cikinsu ita ce Jin Xing, 'yar rawa haifaffiyar Shenyang, da aka yi wa tiyata a 1995, daga baya ta zama mai gabatar da shiri a talabijin. Sai dai ɗaukakarta ba ta sauƙaƙa wa na ƙasa komai ba.

Ƙa'idojin da ma'aikatar lafiya ta fitar a 2009 sun ce mai neman tiyata sai ta kai shekara 20, ba ta da aure, ba ta taɓa aikata laifi ba, ta shekara biyar tana wannan buƙata, kuma ta kawo shaidar cewa danginta na kusa sun sani. A 2022 an rage shekarun zuwa 18, amma sharaɗin dangi yana nan daram. A aikace asibitoci kan nemi sa hannun iyaye, ko da mai nema ta haura talatin.

Ba a sauya jinsi a katin shaida sai da takardar tiyata. Lambar katin ɗan ƙasa tana da alƙaluma 18, kuma na 17 shi ke tona asiri: mara na maza, cika na mata. Da katin ake sayen tikitin jirgin ƙasa, a kama ɗaki a otal, a nemi aiki. Ko an gyara shi, takardar shaidar jami'a kan zauna da tsohon bayani, sai mai digiri ta koma neman aiki kamar ba ta taɓa shiga aji ba.

Gida

Tsangwamar da ta fi ciwo daga gida take fitowa. Tun zamanin Mengzi, masanin falsafar Sin na zamanin da, ake cewa mafi munin rashin biyayya ga iyaye shi ne rashin barin zuriya. Dokar ɗa ɗaya, daga 1980 zuwa 2015, ta ƙara nauyin: sau da yawa wadda ke son sauyawa ita ce ɗa tilo da aka zuba wa ido. Wasu iyayen kan kai 'ya'yansu wuraren da ke iƙirarin "gyara" su.

Lafiya

Asibitocin da ke ba da maganin homon, wato sinadarin da ke sauya siffar jiki zuwa ta mace, ƙalilan ne, kuma a manyan birane suke. Saboda haka matasa da yawa, da ake wa laƙabi da yaoniang, wato 'yan matan magani, suka koma sayen ƙwayoyi ta intanet suna sha ba gwajin jini. Daga cikin ƙwayoyin, estradiol fiye da kima kan daskarar da jini, cyproterone kuma kan taɓa hanta. Rahoton Amnesty International na 2019 ya ambaci waɗanda suka kai ga yi wa kansu tiyata a gida. A Disamban 2022 hukuma ta hana sayar da magungunan biyu ta intanet, abin da ya ƙara tura cinikin bayan fage.

Binciken da Cibiyar LGBT ta Beijing, mai tallafa wa masu neman jinsi ɗaya da masu sauya jinsi, ta yi da Jami'ar Peking a 2017, kan masu sauya jinsi sama da 2,000, ya gano kusan rabinsu sun taɓa tunanin kashe kansu. Waɗanda rashin aiki ya tura karuwanci kuma suna fuskantar haɗarin ƙanjamau, ga shi shirye-shiryen rigakafi kan lissafa su cikin maza.

A Nuwamban 2021 asibitin yara na Jami'ar Fudan da ke Shanghai ya buɗe sashen duba matasa masu wannan hali. Cibiyar ta Beijing kuwa, wadda ke haɗa mutane da likitoci da masu ba da shawara, ta rufe a watan Mayun 2023.