Ma'anar Uposata, azumin mabiya addinin Buddha

Uposata rana ce ta kame kai a addinin Buddha, tana zuwa sau 4 a wata: ranar da wata ya cika, ranar da ya ɓuya, da ranaku biyu a tsakaninsu. A Tailan ana kiranta Wan Phra, a Sri Lanka kuwa Poya. Can a Sri Lanka duk ranar cikar wata hutu ne, kuma ba a sayar da giya da nama.

Mabiyi na gama-gari, wanda ba sufi ba (wato ba cikin masu barin gida su keɓe don ibada yake ba), dokoki 5 ne a kansa kullum: kada ya kashe mai rai, kada ya yi sata, ko lalata, ko ƙarya, kada ya sha abin maye. Babu azumi a ciki. Ranar Uposata ce mai so yake sa fararen kaya, ya je wurin ibada, ya ɗauki dokoki 8. Ta shida ita ce barin ci daga rana tsaka har ketowar alfijir.

Wanda ya saba da azumin Ramadan zai ga lokacin a juye yake: da safe ake ci, a kwana ba a ci ba. Ruwa kuwa ba a hana shi ko kaɗan. An yarda da ruwan 'ya'yan itace muddin an tace shi tas. Wanda ya galabaita yana iya lasar zuma, ko mazarƙwaila, ko man shanu, a matsayin magani. Amma madara da kunu abinci ne a mazhabar Theravada, wadda ake bi a Tailan da Sri Lanka, sai gari ya waye. Har yau akwai saɓani: wasu gidajen sufaye a Tailan sun halatta cuku da baƙar cakulan da yamma, wasu sun ƙi.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba yunwa ake nema ba. Buddha kansa ya shafe shekara 6 yana azabtar da jikinsa har ya rame, daga baya ya karɓi shinkafa da madara daga hannun wata mata mai suna Sujata, ya koyar da bin tsaka-tsaki. Ana barin abincin dare ne don jiki ya yi sauƙi, a iya raya dare da sauraron wa'azi da zurfafa tunani.

Nama fa? Theravada ba ta haramta shi ga mabiya ba. A Sin kuwa, inda ake bin mazhabar Mahayana, masu ibada da yawa suna barin nama, har da albasa da tafarnuwa, a ranakun 1 da 15 ga watansu na gargajiya.