Injiniyan ƙasa: tambayoyi da amsoshi kan aikinsa da yadda ake zama shi

Masu gini a Zariya sun san birkila, sun san mai zanen gida, sun san ɗan kwangila. Injiniyan ƙasa kuwa ba kasafai ake tuna shi ba sai bango ya tsage.

Mene ne ainihin aikinsa?

Reshe ne na injiniyancin gine-gine. Aikinsa ya gano nauyin da ƙasa za ta iya ɗauka, nawa za ta nutse bayan an ɗora mata gini, da yadda halinta zai canza idan ruwa ya shige ta. Daga nan yake faɗin irin fandishon da ya dace da zurfinsa. Hanya, gada, madatsar ruwa, bene, duk suna jiran amsarsa. Wanda ya mayar da fannin ilimi mai lissafi shi ne Karl Terzaghi, da littafin da ya fitar a 1925 kan halayyar ƙasa.

Ta yaya yake gwada ƙasa?

A ƙaramin aiki rami ake haƙawa, mita biyu ko uku, a dubi jerin ƙasar da ido, a ɗebi samfuri. A babban aiki injin haƙa ake kawowa. Akwai gwajin da ake sakin guduma mai nauyin kilo 63.5 daga tsayin santimita 76, a ƙirga bugu nawa za a yi kafin bututun ƙarfe ya shiga santimita 30. Bugu kaɗan, ƙasa mai taushi. Bugu da yawa, mai ƙarfi. Sauran aikin a ɗakin gwaji ake yinsa: a tankaɗe, a jiƙa, a matse, a auna yawan yumɓu.

Ai ƙasar Zariya tana da ƙarfi. Ina amfanin wannan wahala?

Wannan maganar rabinta gaskiya ce. Garin yana zaune ne a kan tsohon dutse irin wanda ya ɓullo a Kufena, kuma jar ƙasa da marmara da suka rufe shi suna ɗaukar nauyi sosai. Amma Zariya ba iri ɗaya ba ce. Filin da ke kusa da kogin Kubanni ko na Galma laka ce da yashin da ruwa ya tara, kuma da damina ruwan ƙasa yana tasowa. Mafi haɗari su ne tsoffin kududdufai na cikin birni, waɗanda aka haƙa don ɗibar ƙasar gini, aka cike su da shara, yau kuma ake yanka su fuloti. Samansu ya yi tauri, ƙarƙashinsu yana ci gaba da ruɓewa. Mai fili ya zo da rani, ya buga ƙafa ya ji ƙarfi, ya zuba rodi da siminti. Bayan damina biyu ƙofa ta ƙi rufuwa. Sai a zargi birkila, alhali laifin yana ƙarƙashin ƙafarsa. A ganina, mai gina bene ko a kan tudu ne bai kamata ya tsallake gwaji ba, domin kuɗinsa ba ya kama ƙafar kuɗin gyara.

Wane karatu ake yi?

Digirin injiniyan gine-gine, shekara biyar, har da zaman koyon aiki a masana'antu. Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, tana da sashen a Samaru, kuma ana yin digiri na biyu da na uku a fannin ƙasa. Bayan hidimar ƙasa da wasu shekarun aiki ƙarƙashin gogagge, mutum ya nemi rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Nijeriya, wadda aka kafa a 1970. Ba tare da ita ba, doka ba ta ba shi damar kiran kansa injiniya.

Ina ake samun aiki?

Kamfanonin hanya da gadoji, ma'aikatun ayyuka, hukumomin madatsun ruwa, jami'o'i. Wasu kan buɗe nasu ɗakin gwajin. Wanda ba ya son rana da taɓo dai ya nemi wani reshen.

Da me ake auna nasararsa?

Nan ne aikin ya bambanta da na mai zane, wanda kowa ke nuna gininsa da yatsa. Shi injiniyan ƙasa, hanyar da ta yi shekara ashirin ba ta lotsa ba ita ce shaidarsa, kuma ba wanda zai tambayi sunansa. Akan san shi ne idan ya ceto abin da ya kusa faɗuwa. Hasumiyar Pisa a Italiya ta karkace saboda taushin ƙasar da ke ƙarƙashinta, har aka rufe ta a 1990. Kwamitin masana, ciki har da Farfesa John Burland na Ingila, ya riƙa zare ƙasa kaɗan-kaɗan daga ɓangaren da bai nutse ba, hasumiyar ta ɗan miƙe, aka sake buɗe ta a 2001.

A nan gida fa?

Babbar matsalar Arewa maso Gabas ita ce baƙar ƙasar da a Borno ake kira firgi: ta kumbura da damina, ta tsattsage da rani, ta ɗaga kwalta ta karya. Masu bincike a Samaru sun daɗe suna gwada gyara ta, da jar ƙasa ma, ta hanyar gauraya su da siminti ko farar ƙasa, da kuma abubuwa masu araha kamar tokar ɓawon shinkafa, tokar tuƙar rake da tokar ɓawon ɗorawa. Ɗorawa kuwa ba baƙuwa ba ce ga maginan Zazzau, waɗanda tun zamanin Babban Gwani, maginin tsohon masallacin Juma'a na Zariya, suke shafe bango da makuba, wadda ake yi da ɓawonta, don ruwa kada ya ci shi. Bambancin shi ne yanzu ana auna kashi nawa za a zuba, a jiƙa samfurin kwanaki, a matse shi a inji, a rubuta adadin da ya jure kafin a amince a shimfiɗa hanya a kai.